Allon Motar Dutse

Ni malamar firamare ce a unguwar Takur da ke Dutse, 'ya'yan mutane da na koya wa karatu ba sa ƙirguwa. Nawa ne, autana, ya gagare ni. A ofishin malamai har tsokanata ake yi, wai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Nakan yi dariya, in koma gida raina a ɓace.

Ba daƙiƙi ba ne. A aji idan ana karatu baki ɗaya, muryarsa ce a sama, shi ya sa aka daɗe ba a gane ba. Kalmar da ya saba gani, irin su makaranta ko kasuwa, daga nesa yake faɗinta. Amma in na rubuta masa baƙuwa, ko mai harafi huɗu ce, sai ya ƙura mata ido, ya yi canke, ya faɗi wata mai kama da ita. Na yi lallashi, na yi faɗa, malamai sun ba da rubutu ya sha.

Wata ƙanwar maigidana da ta karanci ilimin yara masu buƙata ta musamman ta zauna da shi. Ta ce, "Yaya, hanya biyu ido ke bi wajen karatu. Ɗaya ta gane kalma ɗungurungum kamar fuskar mutum, ɗaya ta haɗa harafi da sautinsa. Wasu yaran ta farkon ce ta toshe, kullum sai sun tsinci haruffa ɗaya-ɗaya. Shi ta biyun ce."

"To, ina maganin?"

Ta ce sai horo na musamman, yaro ɗaya malami ɗaya, shekara da shekaru, kuma ita ba ta san mai yin sa a kusa ba. Na gwada da kaina bayan la'asar. Abin da muka haɗa yau, gobe ya warware.

Surukina, Baffa, makiyayi ne a wajen Garki. Tun yaron na rarrafe yake cewa a ba shi, ni kuma na kafe sai ya yi boko. Da aka ce zai sake maimaita aji, maigidana ya ce mu kai shi ruga hutu.

Bai daɗe a can ba na je ɗauko shi. Da yamma garke ya dawo, yaron ya kalli shanun sau ɗaya ya ce, "Baffa, jar karsanar nan mai karyayyen ƙaho ba ta shigo ba." Haka ne kuwa. Baffa ya dube ni ya ce, "Malama, ki bar mini shi. Nan ba mai yi masa dariya." Na so in yi musu. Na san makiyayar kullum raguwa take, gonaki na cinye ta, shanun ma ba kamar da ba. Amma ban taɓa ganin kafaɗun yaron a miƙe haka ba.

Washegari yaron ya raka ni tasha, sanda a wuyansa. Motoci a jere, kowacce da ɗan allo a samanta. Ya riga ni hangowa, don wannan kalmar ya san fuskarta.

"Umma, ga taki can. An rubuta Dutse."

Na shiga ni kaɗai.