Malamar Lissafi da Hotunanta Huɗu

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya Malamar Lissafi a shekarar 1980, a wani ƙaramin gari da ke bakin titin jirgin ƙasa. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, dattijon da aka shaida ko a ciniki ba ya ƙarya, mahaifiyarta kuwa tana ɗinkin kayan 'yan makaranta a tsakar gida. Da yake sunan kakarta ta ci, mahaifin bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Ta shiga firamare a 1986, ta kammala kwalejin horon malamai a 2001 da sakamako mai daraja.

Aiki da Aure

A 2002 ta fara koyarwa a sakandaren garin, inda ɗalibai suka laƙa mata suna Ba-ragi, domin ko rabin maki ba ta yi wa kowa kyauta. A 2004 ta auri wani direban babbar mota, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku. A 2011 ya sami aiki a wata ƙasa mai nisa, ya shekara biyu bai zo ba, kullum yana naci a waya ta aiko masa da hotonta irin wanda miji kaɗai ya halatta ya gani. Ta daɗe tana jin nauyin abin, daga bisani ta ce ai mijinta ne, ta kulle ɗaki, ta tsaya gaban madubi ta ɗauki guda huɗu da hannunta.

Jarrabawa

A 2015 auren ya mutu, kotu ta bar mata 'ya'yan, shi kuwa gogan naku ya huce haushinsa ta hanyar watsa hotunan a intanet. Kafin mako ya zagayo sun shiga wayar 'yan ajinta. Matar da in ta yi gyaran murya aji ke yin tsit, sai ga ta tana rubutu a allo ta kasa juyowa. Kunya ta yi mata katutu, har ta ajiye aikin.

Mahaifinta ya tsaya kai da fata cewa haɗi ne na kwamfuta, kan 'yarsa aka ɗora a jikin wata. Da yake ba a san shi da ƙarya ba, gari ya gaskata, bakuna suka fara mutuwa. Amma hotunan suna nan, kuma kamfanin da ke da shafin da aka saka su ya yi kunnen uwar shegu da duk koken cin mutunci da ta aika.

A 2016 wata lauya ta bayyana mata cewa ƙofa ɗaya ce kamfanin ke saurin buɗewa, wato dokar haƙƙin mallaka, kuma mai hoto a wurinsu shi ne wanda ya danna ya ɗauka, ba wanda ke ciki ba. Sai dai dole ta sa hannu da cikakken sunanta cewa ita ta ɗauka, kuma za a aika wa wanda ya saka su kwafin takardar. Gaba kura, baya sayaki: ko hotunan su zauna, ko maganar mahaifinta ta faɗi.

Ta same shi a shago, ta durƙusa, ta ce, “Baba, ba haɗi ba ne. Ni na ɗauka.”

Bai ɗago daga agogon da yake kwancewa ba. Ya ce, “Na sani, Uwata. Ƙanenki ya ce an ga madubi mai tsagin gefe, ni na saya miki shi. Je ki sa hannu, tsirara ta fi ƙarya ciwo.”

Ta sa hannu, aka sauke hotunan. Tsohon mijin kuwa ya ɗauki kwafin ya karanta wa jama'a a tashar mota. Kaico! Dattijon da ya shekara saba'in ana kafa hujja da maganarsa, sai ga yara suna nuna shi da baki. Ya rufe shago, bai ƙara zama a ƙofar gida ba har ya rasu a 2017, kuma marigayiya ba ta taɓa yafe wa kanta wannan ba.

Ƙarshen Rayuwa

Ta koma koyar da yara lissafi a falonta. Hotunan ba su daina ɓullowa a sababbin shafuka ba, kuma kowane karo sai ta duba da idonta ta tabbatar, ta sake rubuta sunanta. Ba ta taɓa ɗora wa kowa wannan aiki ba.

Rasuwa

Allah ya yi mata cikawa a 2024 bayan jinyar ciwon ƙoda, tana da shekara arba'in da huɗu, aka binne ta a maƙabartar da mahaifinta yake. Ta bar 'ya'ya uku: Babbar Yaya, ɗalibar aikin jinya, Mai Wuta, wanda ke koyon haɗa lantarki, da Auta, ɗan aji biyu na sakandare.

Ranar rabon gado, bayan an lissafa gida da littattafai, lauyar ta sanar cewa haƙƙin mallakar hotunan ma ya koma ga magada, kuma sai ɗayansu ya ci gaba da dubawa da sa hannu, in ba haka ba hotunan su dawo su zauna. Kawunnan yaran suka sunkuyar da kai, mazan 'ya'yan suka ƙura wa tabarma ido. Babbar Yaya ta goge hawaye ta ce, “Ni na yi wa Mama wanka, na rufe ta da hannuna. Ku rubuta sunana.” Allah ya suturta marigayiya, ya jiƙan ta da rahama.