Wanda Ya Yabi Kwalba, Ya Sha

Jiya da hantsi, ina zaune da jikokina, rediyo ya yi tallar wani magani wai mai warkar da kowace cuta. Na kashe shi. Raina ya koma kasuwar ƙauyenmu kusa da garin Kamlin, zamanin da marigayi dattijonmu yake sarkin kasuwa.

Doka ɗaya ya kafa, ba da umarnin hukuma ba: duk wanda ya yabi abin ci ko na sha, sai ya kai shi bakinsa a gaban jama'a.

Wata Talata wani maƙaryaci ya zo daga birnin Madani da lasifika a kan lori, yana rantsuwa cewa kwalbarsa tana kashe tsargiya. Jan ruwa ne mai warin kananzir. Ƙanwata, wadda ɗanta yake fitsarin jini, ta riga ta miƙa hannu.

Dattijon ya dogara sandarsa. "Sha mu gani, ɗana."

"Ya Haj, ina da ruksa, takardar izini daga hukuma."

"Ruksar saidawa anka ba ka, ba ta ƙarya ba. Sha."

Bai sha ba. Ya tattara kayansa ya koma bakin magudanar ruwa, bayan iyakar kasuwa, inda ikon dattijon bai kai ba. Abin da har yau ban yafe ba shi ne mutanenmu sun bi shi a guje, har da ƙanwata.

Allah Ya haskaka kabarin dattijon, Ya hana masu irin wannan sana'a barci mai daɗi. Ɗan ƙanwata, da aka ba shi jan ruwan nan ya sha, bai kai lokacin cirar auduga da rai ba.