Tarar Malam Isiyaku da Kalmar da Na Jefe Shi da Ita

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar mijina, Malam Isiyaku direba, kuma zan faɗa ba tare da neman afuwar kowa ba: ya mutu ina jin haushinsa. Na yi kuka, na yi takaba, ina yi masa addu'a bayan kowace salla, amma haushin nan bai bi shi kabari ba, a ƙirjina ya ci gaba da zama. Kuma duk a kan takardar tara guda ɗaya ne, wadda a nan Riyad ake ce wa mukalafa.

Shekara goma sha shida Malam ya yi yana jan akori-kura daga kasuwar kayan gwari ta Aziziya zuwa kantunan Batha da Malaz. Tumatir, albasa, kabeji, abin da duk kaka ta kawo. A tsawon wannan lokaci ba a taɓa rubuta masa mukalafa ba, ko ta ajiye mota a inda bai dace ba. Bai gina gida a garinmu Gusau ba, bai sayi fili ba, rashin mukalafar nan ne kaɗai abin tinƙahonsa. Idan direbobi suka zauna shan shayi ana lissafin wanda kamara ta ɗauka a wannan makon, sai ya shafa gemu ya ce shi sunansa fes yake a kwamfutar ƙasar nan. Yana da wata ɗabi'a kuma: duk allon gudu da zai wuce sai ya karanta shi a fili. "Tamanin," sai ya sassauta ƙafa. "Ɗari," sai ya ɗan taka. Ni da ban san ko baƙi ɗaya ba a lokacin, a bakinsa na fara sanin lambobi.

A babbar hanyar da ta zagaye gari ta kudu akwai wani wuri mai allon lantarki a sama. Lambarsa ba ta tsayawa. Yanzu ka ga ɗari, an jima idan motoci sun cunkushe ko ana aiki a gaba ka ga ta koma tamanin. Kamara na nan gaba kaɗan, ita kuwa ba ruwanta da abin da ka gani, abin da aka sa mata ta sani.

Daga kamarar nan ne wata rana saƙo ya shigo wayarsa, cewa motarsa ta wuce ƙa'ida ranar kaza da hantsi. Ranar kuwa Malam yana kwance da zazzaɓi. Ni ce na nemi izini a asibitin da nake shara na zauna ina dama masa kunu. Mukullin motar yana hannun wani ɗan'uwanmu mutumin Maraɗi, zan kira shi Habu ko da yake ba sunansa ba ne. Malam ya ba shi ne don kada masu kanti su kwana ba kaya su nemi wani direba. Haka mutanenmu suke yi a nan, mota ɗaya, suna ɗaya a takarda, hannuwa uku ko huɗu a sitiyari.

A wurina maganar ba ta da wuya. Na ce, "Malam, ka je ka ce ba kai ba ne. Ga takardar magani, ga ni shaida."

Ya ce, "Zan je, Hajiya."

Ya kuma je. Ya shigar da ƙorafi. Amma da ya dawo na tambaye shi, sai na ji duk maganarsa a kan allo ce: wai lambar na canzawa, wai mai yiwuwa mota ta wuce ƙarƙashinsa yana nuna ɗari sannan ya sauya kafin ta kai kamara, don haka a bincika a ga ƙarfe nawa aka sauya. Mako uku yana wannan wahala. Sai ya sauke kaya ya koma gefen hanyar cikin zafin nan, ya tsaya da waya yana ɗaukar hoton allo, ya rubuta lokaci a bayan rasit. Mutum mai jinya bai gama warwarewa ba. Daga ƙarshe aka ce masa ba a karɓi ƙorafin ba. Ya biya, aka rubuta a sunansa.

Wata Juma'a da safe na bi shi Aziziya sayen kayan miya. Abokansa suka fara tsokanarsa, wani ya ce, "Malam fes-fes, ashe kai ma kamara ta san fuskarka!" Ana ta dariya, shi ma yana yi. Ni kuwa jinina ya hau. Na ce a gaban kowa, da ƙarfi yadda masu dako ma suka juyo, "Ba shi ba ne ya yi gudu. Tsoro ne ya hana shi faɗa. Matsoraci ne kawai." Malam bai dube ni ba. Ya ɗaga kwalin tumatir na ƙarshe ya ɗora, ya rufe bayan mota, ya ce in shiga mu tafi. A hanya bai karanta allo ko ɗaya ba.

Wata bakwai bayan haka zuciyarsa ta tsaya, yana tsaka da ɗaure kaya. Ba mu sake tayar da zancen ba, ban kuma janye kalmar ba.

Bayan na fita takaba na shiga ajin koyon karatu da rubutu da matar wani ɗalibi take yi wa mata a falonta a Malaz duk Asabar. Ina da shekara arba'in da shida na kama fensir. Yau ga shi da hannuna nake rubuta wannan, ba wanda ya tsara mini. Sau da yawa ina tunanin abin da Malam zai ce da ya ga wannan zamani. Yanzu daga waya ake shigar da ƙorafi, ba sai ka tsaya layi ba. Mata na tuƙi a titin Riyad, na gani da idona. Na san ba zai yi faɗa ba. Zai zauna a gefe ne yana karanta wa matar allo har ta gaji ta sauke shi.

Makon jiya, ina shirin sadakar cikar shekara biyar, na buɗe jakar takardunsa wadda a da nake ɗauka in ajiye kamar dutse. Na ci karo da wata takardar littafin makaranta, rubutun hannunsa da boko. Takardar ƙorafin nan ce da ya tsara ya kai wa wani ɗalibi ya mayar masa da Larabci. Layin farko ya rubuta, "Ranar ba ni ke tuƙi ba." Sannan ya soke shi, ya sake sokewa, har biro ya huda takardar. Duk abin da ya biyo baya zancen allo ne.

Ranar sadakar, bayan la'asar, Habu ya zo gaisuwa kamar yadda yake yi duk shekara. Na ajiye masa takardar kusa da kwanon shinkafa. Ya ɗauka ya karanta, sannan ya ce:

"Hajiya, lokacin na gudu daga wurin kafil ɗina, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ikamata, wato takardar zamana, ta mutu. Da Malam ya ce ba shi ba ne, tambaya ta gaba ita ce wane ne. Da sun ji sunana, jirgi za a sa ni a mayar da ni gida."

Na ce, "To me ya hana shi gaya mini? Ni ba matarsa ba ce?"

Habu ya sunkuyar da kai, yana son dariya yana jin kunya. "Cewa ya yi bakin Hajiya ba ya ajiya."

Maganar ta yi mini zafi, kuma gaskiya ce. Da na sani, da kafin Asabar matan Batha duka sun ji, ba don mugunta ba, don in wanke mijina. Har yanzu ina ganin ya kamata ya gwada ni ko sau ɗaya, wannan guntun haushin ban yar da shi ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma na zauna na sake karanta takardar har ƙarshe. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Allon yana canzawa, hakan ne. Malam ya dudduba cikin gaskiyar da yake da ita, ya zaɓi wadda ba za ta cuci kowa ba, ya tsaya a rana mako uku yana kare ta, alhali ya san da wuya ta ci. Abu ɗaya da yake alfahari da shi a duniya ya bayar, sannan matarsa ta ƙara masa da zagi a kasuwa, ya haɗiye.

Habu ya gyara takardunsa tuni, yana da sabon kafil, shi ya ce in rubuta wannan labari. Ƙasar nan ba ta ajiye komai na Malam ba sai kabari mara suna da layi ɗaya a kwamfuta da ke cewa ya yi gudu. Ba ni da ikon goge wannan layin. Amma akwai wani layin da ni na rubuta shi da bakina.

Washegarin sadakar da sassafe na tari tasi zuwa Aziziya. Da muka zo ƙarƙashin allon nan na ji na ce "tamanin" a fili, direban ya waiwayo ya dube ni. Na sami abokan Malam a inda suke lodi, sun yi furfura, uku daga cikinsu suna wurin waccan Juma'ar. Na tsaya tsakanin kwalayen tumatir, na ɗaga murya daidai yadda na ɗaga ta a wancan karon, na ce su ajiye kaya su saurare ni, na zo janye wata kalma.