Amanar Ma'aunin Zafi a Siton Iri

Shekarar da ƙungiyar manomanmu ta samu siton iri mai esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ni aka nemo in ɗora manhajar da za ta riƙa lura da sanyinsa. Ba don na fi kowa ba. Shagona ne kawai a bakin tashar Gaya yake da allo mai hoton kwamfuta, kuma a wurina shugaban ƙungiyar yake buga takardun taro. Ranar da ya zo da maganar sai da ya kira ni Injiniya sau uku, na kuwa amsa duka ukun, ban gyara masa ba.

Siton yana kan hanyar Ajingi, ginin bulo ne mai ɗaki biyu, an jera faifan sola a kan rufinsa. A ɗakin ciki ake ajiye irin gyaɗa da na wake da za a raba wa manoman Gafasa da Kademi da ƙauyukan tsakani idan damina ta ƙarato. Mutanen wani shiri ne daga Kano suka gina shi, sharaɗinsu kuma ɗaya ne, ɗakin ya zauna da sanyi dare da rana, don zafin bazara yana kashe iri tun yana cikin buhu. Su kuma ba za su riƙa zuwa suna dafa bango su ji ba. Daga ofishinsu suke so su gani.

Mai kula da siton wani dattijo ne ɗan Gafasa, abokin mahaifina tun suna makarantar allo. Kowa Baba yake ce masa. Tun ƙungiyar tana tara hatsinta a rumbun ƙasa makullanta suke hannunsa, a zarge a wata igiyar fata da ta yi baƙi saboda shekaru. Ba shi da sarauta, gonarsa ma ba wata mai girma ba ce. Abin da yake da shi a yankin nan shi ne, idan aka ce makulli yana wurin Baba, kowa ya tafi harkarsa hankali kwance.

Aikina kashi biyu ne. Akwai akwatin da ke sarrafa esin, manne a bangon ɗakin ciki, wanda zan ja masa waya zuwa wata ƙaramar kwamfuta a ɗakin waje. Sai kuma ma'aunin zafi, wata 'yar farar aba kamar sabulun wanka, mai batir a cikinta, da ake ratayewa a ƙusa. Duk minti goma tana auna zafin inda take, ta aika wa kwamfutar, kwamfutar ta aika Kano. In ta yi nisa da kwamfutar sai ta riƙe abin da ta auna a cikinta, ranar da suka haɗu ta zazzage mata duka.

Wayar akwatin esin ba ta kai ba, saura kamar kamu biyu. Na naɗe ta na tura bayan tebur, na ce gobe zan zo da doguwa. Tunda 'yar farar tana aiki, layin zafin da take aunawa yana fitowa tas a allon kwamfutar, sai goben ta yi ta matsawa gaba.

Na zauna na yi saiti. Na raɗa wa ɗakin suna, na sa iyaka, in zafi ya haura digiri ashirin da biyu layin ya koma ja. Akwai kuma wani saiti da ke sa kwamfutar kuka idan ma'aunin ya yi nisa da ita. Ina cikin gwaji, ina kai shi waje ina dawo da shi, sai ga shugaba da wasu dattawan ƙungiya sun zo kallo. Abin ya dinga ƙara kamar ɗan tsako, shugaba ya tambaye ni ko wani abu ne ya lalace tun ba a je ko'ina ba. Na kai hannu na cire alamar da ke gaban saitin. Ƙarar ta mutu, mutuncina ya dawo.

Da yake ga jama'a sun taru, sai na ga ya kamata in yi ɗan jawabi wajen miƙa kaya. Na ɗauko ma'aunin na ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Baba, wannan 'yar farar ita ce ran aikin nan gaba ɗaya," na ce. "Amana ce a hannunka. In ta ɓace, ko a Kano ba a samun irinta."

Ya karɓe ta da hannu biyu. Ya tambaye ni ko tana gudun ruwa, na ce ƙwarai kuwa. Ya tambaye ni ko ɓarayi suna son irinta, ni kuma don in ƙara wa aikina daraja na ce ai su suka fi kowa sanin darajarta. Ya sa hannu da ajami a takardar karɓar kaya, a daidai layinta, na mayar da ita ƙusa, muka yi addu'a muka watse.

Mako uku bayan nan jami'ar shirin ta zo daga Kano, wata Hajiya mai tabarau wadda ba ta ɓata lokaci wajen gaisuwa. Ta buɗe laftof ɗinta a gaban shugaba da Baba da ni. Daga safe zuwa la'asar layin a kwance yake a kan digiri goma sha takwas, shuɗi, gwanin kyau. Da an yi la'asar sai ya miƙe tsaye ya yi ja, ba ya dawowa sai washegari da safe. Kullum haka. Lahadi kuwa ja ne wuni guda. Ta ce ma'anar wannan a fili take, ana kashe esi idan an tashi daga aiki.

Baba ya ce shi tun da aka kafa esin nan bai taɓa sa masa hannu ba, ko ƙurarsa da jelar tsintsiya yake kaɗewa daga nesa. Hajiya ta ce ita ba ta ce ƙarya yake yi ba, amma na'ura ba ta san kowa ba. Ta ba mu mako guda. In ba a gano dalili ba, makulli zai koma hannun wani. Kafin ta kai bakin mota har na ji an fara ambaton wanda zai gaje shi. Baba ya ce Allah ya bayyana gaskiya, ya ɗauki butarsa ya zaga baya.

Na duba batiran sola, lafiya lau. Na duba inbata mai kai wa esi wutar batiran, lafiya lau. Na sauke manhajar na sake ɗora ta har sau biyu, ta dawo mini da jan layinta kamar yadda na bar shi. A nan zan faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. A cikin kwanakin nan na yarda da layin, ban yarda da Baba ba. Na ce a raina tsufa ne, wataƙila yana tausayin batir ne yana kashewa, ya kuma ji nauyin faɗa. Mutumin da ya ɗauke ni a kan kekensa ya kai ni aski ina ƙarami, sai ga shi na auna shi da abin da na ɗora a yini ɗaya, abin ya rinjaye shi.

A rana ta huɗu, da na rasa abin da zan sake kwancewa, sai na zauna a shago na zuba wa layin ido kawai. Ɗakin da aka kashe wa esi a hankali yake ɗumama, kamar tuwon da aka sauke yana hucewa. Wannan kuwa cikin minti goma yake tashi daga goma sha takwas zuwa talatin da huɗu. Wajen magariba sai ya sauko ya zauna. Da safe ya sake hawa na kusan awa guda, sannan ya faɗa goma sha takwas. Ranar Juma'a kuma tun sha biyu da rabi yake tashi, ya yi sama sosai wajen ƙarfe biyu, ya dawo bayan an sauko. Na daɗe ina kallon wurin nan. Ni dai ban taɓa ganin ɗakin da yake zuwa masallacin Juma'a ba.

Na hau babur na isa siton kafin la'asar, na buɗe laftof ina danne-dannen banza. Baba ya yi salla, ya share ɗakin waje, ya shiga ciki ya bi buhuna yana shafawa. Daga nan ya nufi ƙusa. Ya sauke 'yar farar, ya sa ta a leda ya ƙulle, ya naɗe ledar a hankici, ya zura a aljihun gaban rigarsa, ya kawo fil ya maƙale bakin aljihun. Esi yana ta aikinsa a bayansa, ko kallonsa bai yi ba.

"Baba, ina za ka kai ta?"

"Gida."

"Kullum?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko kullum yake salla. "Yo ɗan nan, ba kai ka ce amana ba ce? Wa ka taɓa gani ya rataye amanar mutane a ƙusa ya tafi gida?"

Ya ƙara mini bayani, ko zan samu natsuwa. Ya ce da ya lura sanyi take so, in ya isa Gafasa a gindin randa yake ajiye ta, a kan wani ɗan faifai don kada laima ta taɓa ta. Ranar Juma'a kuma ba ya barin ta in zai tafi masallaci, don ranar hanya babu kowa. Wato talatin da huɗun nan da ta tayar da hankalin Kano ƙirjin Baba ne a kan keke, saukowar magariba kuma randar gidansa ce.

Ban yi dariya ba, don na hango abin da ke gabana. In na ce wa Hajiya Baba yana tafiya da ma'auni gida, ban wanke shi ba, sai ma na ƙara masa laifin taɓa kayan aiki, kuma har yanzu babu shaidar cewa esi bai taɓa mutuwa ba. Shaidar tana cikin akwatin esin, wanda shi ma yake ajiye tarihin sanyin ɗakin a cikinsa tun ranar farko. Hanyar fito da ita kuwa ita ce wayar nan da ke naɗe a bayan tebur. Na kwana biyu ina neman yadda zan jona ta a ɓoye in ce manhaja ce ta gyara kanta. Ba tsoron Allah ne ya fara hana ni ba, in faɗi gaskiya. Ranar taron cikar wa'adin Hajiya ce na tarar da Baba ya riga kowa zuwa, ya bi kwaɗunan siton ɗaya bayan ɗaya ya ɗiga musu mai, ya kuma sauya wa makullan sabuwar igiya, don kada wanda zai karɓa ya same su da tsohuwa.

Na jona doguwar wayar a gaban kowa. Tarihin akwatin ya zubo a allo, layi ɗaya shuɗi a kwance tun daga ranar farko, ko tuntuɓe bai yi ba. Sannan na faɗi sauran. Hajiya ta cire tabarau ta tambayi wanda ya bar wayar a naɗe, na ce ni ne. Ta tambayi wanda ya kashe ƙarar da za ta tona zancen tun daren farko, na ce ni ne. Ta tambayi wanda ya ce wa dattijo ɓarayi suna neman abin, nan ma na ce ni ne. Daga ranar shugaba bai ƙara kira na Injiniya ba, da sunan da mahaifina ya raɗa mini yake kira na.

Hajiya ta rusuna ta ba Baba haƙuri, ta ce makulli yana nan a hannunsa. Amma ta ce a ɗaure ma'aunin a bango da noti, a ranar, tana tsaye. Na huda bango na ɗaure shi tam, na mayar da alamar ƙarar nan inda na cire ta. Baba yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo har na gama. Sai ya ce a ɗauko masa takardar da ya sa wa hannu. Ya ɗora yatsa a kan ajaminsa.

"Goge sunana a nan," ya ce. "Abin da ba zan kwana da shi ba, ba zan ɗauki amanarsa ba. Makulli nawa ne. Ita kuma taka ce."

Na ja layi a kan sunansa, na rubuta nawa a ƙasa.

Lahadin da ta biyo baya ina gida, manhajar tana cikin wayata, layin a kwance a kan goma sha takwas. Na duba bayan na karya kumallo, na duba da hantsi, na sake dubawa kafin azahar. Babu abin da ya motsa, amma na kasa zama. Na san noti huɗu ne, ni na ɗaura su, na kuma san sukundireba ɗaya ta ishe su. Ana idar da salla na ce wa mutanen gida zan je in dawo, na bi hanyar Ajingi cikin ranar nan mai ƙona ƙeya.

Tun daga nesa na hango keke a jingine a gindin darbejiya. Baba yana zaune a kan tabarma a ƙofar siton, carbi a hannunsa, butarsa a gefe. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na tambayi na Gafasa, muka yi maganar zafi da alamun hadarin da aka gani a gabas. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba, ni ma ban tambaye shi ba.

"Tana nan," ya ce can. "Na leƙa ta sau biyu."

Ya matsa gefe ya ba ni rabin tabarmar.