Takun Kakanku a Filin Mansur

Kakanku, Allah ya ji ƙansa, ba ya taɓa ƙwallo sai ya auna fili da ƙafa. Duk Juma'a bayan la'asar, shekarun da muka fara zama a unguwar Mansur, can ƙasa mai tsarki, zai tuɓe takalmi ya taka daga tsakiyar filin zuwa katangar gidanmu, taku ashirin, ya juya ya nufi gindin dutse, taku saba'in. Telolin Pakistan da suka koya masa kurket, wasan nan na jifa da doka ƙwallo da katako, suna tsaye cikin rana suna jira. Suka ce masa filin nan bai motsa ba tun makon jiya. Ya ce su suka kwana suna gadinsa?

Dabararsa ɗaya ce. Yakan jefa ƙwallon nesa da jikin mai katako, ta ɓangaren dutse, dole mutum ya miƙa hannu ya doka ta can, inda ya jibge masu cafkewa. Duk ƙarfinka ba ta kai iyakar fili balle ka ci maki. Ta ɓangaren katanga kuwa, ko da wasa ka taɓa ƙwallon ta haye. In an yaba masa sai ya ce, "Dutse ba ya jin zafi."

Rannan aka kawo wani bahago, Bashir mai guga. Shi in an jefa masa nesa da jiki, katanga zai doka. Kakanku ya dube shi, ya ce a juya a yi jifa daga ɗaya gefen. Aka ce dokar wasa ta hana. Ya sa ƙwallo a aljihu, ya zauna ya nemi shayi. Har aka kira magariba ba a yi wasa ba, ga shi ƙwallon ke nan guda a unguwar.

Ni duk ina gindin katangar nan ina suyar waina, da cikin uwarku wata bakwai. Nan kaɗai inuwa take, na kuwa rantse ba na tashi. Ba mu da iƙama, takardar izinin zama, in ƙwallo ta same ni ba asibitin da za mu iya tunkara. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Sai da ya tsufa, ƙafa ta ƙi, na tsokane shi da maganar aune-aunensa. Ya ce, "Hajiya, ni ina ruwana da dutse? Inda kika aje kasko nake dubawa."

Allah ka yalwata masa kabarinsa ta kowane gefe, ka sa shi a inuwa. Amin.