Fatar Raƙumi a Birkin Kamyo

Karatuna na lakwal, makarantar bokon Faransawa, shekara biyu ne da 'yan watanni, kuma watannin nan a bakin ƙofa na yi su, a durƙushe. Amma a Zangon Damagaram na wancan zamani, duk wanda ya iya karanta lambar da ke jikin ƙarfe babban malami ne, saboda haka a saurare ni da ladabi.

Gab da Faransawa za su tattara nasu ya nasu, bariki ta fitar da tsofaffin motocin soja ta yi gwanjonsu, mu kuma leburorin garajinta aka sallame mu. Wani Alhaji mai cinikin gyaɗa ya sayi kamyo guda, shanu suka jawo masa ita har bayan gida. Ya aika aka kira ni.

"Ɗan lakwal, ka ga gawar nan?" ya ce. "In ka tashe ta kafin a buɗe awon gyaɗa, kai ne shofer ɗinta, kai za ka tuƙa ta. In ba ta tashi ba, maƙera suna jira, kai kuma ka san hanyar Dakusa."

Na san ta kuwa. Yayana yana can da gonar gado, kullum saƙonsa ɗaya ne, in bar wasa da baƙin mai in dawo gida. Ni kuma shekara uku ina yawo da takardar tuƙi a cikin laya, ban taɓa samun motar da zan zauna a gabanta a ce tawa ce ba. Wannan kamyo ita ce ta farko, kuma na san ita ce ta ƙarshe.

Inji bai ba ni wuya ba. Wata biyu na yi ina lallashinsa, ya yi tari, ya tofar da hayaƙi, ya tashi. Birki ne ya tsufar da ni. A cikin kowace ƙafa akwai kwanon ƙarfe, a cikin kwanon akwai takalman ƙarfe biyu, a bayan kowane takalmi an kafa wani shafi mai tauri da Faransawa ke kira garnitir. Shi ke goga kwanon mota ta tsaya. Na wannan kamyo ya cinye har ƙusoshin sun fito suna kallona.

Na fara da kantin Nasara na cikin gari. Akawun ya rubuta babban birni Yamai, Yamai ta rubuta bakin teku, bakin teku ta yi shiru. Duk ranar Litinin sai in je in tsaya, shi kuma ya ɗaga kai ya ce in dawo Litinin. A ta bakwai ya nuna mini takarda, wai irin wannan mota an daina ƙera ta tun yana goye.

Na tafi Kano a bisa buhunan wani, da tsohon takalmi guda a cikin jaka. A can kaya tuli, sai dai duk na Ingilishi ne, awonsu daban, ramukan ƙusarsu daban. Wani mai rumfa ya jujjuya nawa ya ce, "Mutumin Faransa, ku da Nasaranku ko rami ba ku iya hudawa inda mutane ke hudawa ba." Na mayar da shi jaka, ƙafafuna sun kumbura.

Aka ce mini akwai 'yar'uwar wannan kamyo da ta mutu a hanyar Tirmini. Na hau jaki na je, na tarar awaki na kwance a inuwarta, an riga an kwashe ƙafafun tun bara. Aka ce wani tsohon soja a Zermu yana da akwatin kayan mota. Ya shayar da ni fura, ya ba ni labarin yaƙi tun hantsi har la'asar, sannan ya buɗe akwatin. Kayan famfon rijiya ne.

Da na dawo, saura kwana goma sha biyu. Na bi ta rumfar taubashina, ɗan kawuna, baduku ne a unguwar Birni, na zube a kan tarin fatu.

"Mushe ya dawo daga yawon duniya," ya ce, bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba. "Ina tsarabar Kano? Ko ita ma ba ta yi daidai da ramin ba?"

"Sarkin wari, bar ni in huta."

Ya zaro takalmin daga jakata, ya ƙwanƙwasa ragowar shafin da farce.

"Wannan ne ya hana ka barci wata huɗu? Ai tafin takalmi ne. Fatar wuyan raƙumi ta fi shi tauri. Buzu yana taka ta daga nan har Agadas ya dawo ba ta huje ba."

Na yi dariya, sannan na daina. Na taɓa jin wani tsohon shofer yana cewa lokacin yaƙi, da kaya suka yanke, har da fata sun yi birki. Na ba shi awo, na ce guda takwas nake so. Abin da na ƙara kawai shi ne, "Ka yi mini aikin da zai daɗe."

"Ɗan gwaggo, ni za ka koya wa fata?"

Bayan mako ya kawo su da kansa, naɗe a ƙyalle. Sun yi baƙi, sun yi sheƙi, kowane an goge gefensa kamar za a kai wa sarki. Da na shafa, na ji santsi a yatsuna. Zan faɗi gaskiya tunda yanzu ba mai korata: na ji, kuma na sani. A garajin bariki ko da hannu mai maiƙo ka taɓa birki sai ka sha mari. Amma saura kwana biyar, kuma na gaji irin gajiyar da mutum ke ganin rami ya ce inuwa ce. Na goge su da toka, na ce wa raina a sama kawai yake, na kafa ƙusoshi.

Ranar gwaji Alhaji ya sa babbar riga, aka shimfiɗa masa buzu a gindin gangaren da ke sauka tabkin masu bulo. A gabansa zan tsaya. Taubashina ya ce shi ma sai ya shiga, a ga mai aikin.

A kan tudu na taka, ta tsaya cak. Ya dube ni, ya gyara hula. Muka kama gangara ina takawa kaɗan-kaɗan, kwanon ya ɗumama, sai ƙamshin suya ya cika mana hanci. Na taka sosai. Na miƙe tsaye a kan birkin. Kamyo ta ci gaba da tafiyarta a natse, ba gudu ba, kamar dattijuwa za ta gaisuwar mutuwa. Na ja na hannu, na mayar da giya ƙasa, ta yi gurnani ta rage kaɗan. Muka zo daidai Alhaji muka wuce. Na ɗaga masa hannu, don bai kamata a wuce babba ba gaisuwa. Taɓon bakin tabki ne ya karɓe mu har gindi.

Hayaƙi ya yi ta fita ta ƙarƙashi.

"Me ka sa wa fatar nan?" na tambaye shi.

"Mai mana. Man gyaɗa, kwana uku tana sha a rana."

"Wa ya ce ka sa?"

"Wa zai ce? Tun kakanmu ba a taɓa fitar da busasshiyar fata daga rumfarmu ba. So kake a ce na ba ɗan gwaggona aikin da zai tsage? Kai ka ce ya daɗe. Wannan shekara goma za ta yi ba ta cinye ba."

Nan kam bai yi ƙarya ba.

Alhaji ya iso a hankali, yana tattare riga saboda taɓo. Na sauko na durƙusa, na roƙi kwana goma, a yanko wata fatar busasshiya, a wanke kwanonin da fetur. Har yau ina ganin da ta yi.

"Tafiya kam na ga tana yi," ya ce. "Ranar Alhamis za a buɗe awo, ɗan lakwal. Na riga na yi magana da masu motar Kano tun da na ga kana zuwa Zermu. Ka yi ƙoƙari. Ka gaji, ni ma na gaji."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Maƙera suka zo da guduma, a nan bakin tabkin suka fara farfasa ta, don ba wanda ya ga amfanin jawo ta. Ban tsaya kallo ba. Taubashina ya raka ni har bayan gari, yana riƙe mini jaka, bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, abin da ya fi komai ba ni haushi.

Na isa Dakusa ana tsakar fizgar gyaɗa. Yayana ya dube ni, ya dubi hannuwana, ya matsa mini wuri a gindin tarin. A gonar nan labarin 'yancin kai ya same ni daga baya, ina sunkuye. Na miƙe na saurara, bayana ya ce ya isa, na koma na sunkuya.