Musaddiq Ya Tafi, Ba Mu Gama Sahun Baya Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Musaddiq Isah, mai gyaran waya a Kasuwar Oil Mill, bayan tirela ta bi ta kan okadar da ya hau a hanyar Aba. Ni Mijinyawa ne, tsohon mahauci a Trans-Amadi. Ban yi boko ba. Ina faɗa, 'yata Rabi tana rubutawa, don a sa a shafin intanet ɗin da ya buɗe wa Hausawan Fatakwal.

Musaddiq, kai ka zo ka same ni a kan akwatin hotunan mahautanmu na farko, waɗanda danshin garin nan ya fara ci. Ka ce in bari ka ɗauke su a kwamfuta, 'ya'yansu da ke ƙauyukan Arewa su ga iyayensu. Na daɗe ina ƙi. Ba ka yi fushi ba, kullum sai ka zo ka durƙusa ka gaishe ni, har na gaji na buɗe akwatin.

Rigimarmu a kan hoton wata Babbar Sallah ta tashi, wanda mahauta suka jeru sahu biyu, na zaune a gaba, na tsaye a baya. Ka ce, "Baba, e too heavy, sai na rage masa nauyi." Na ce, "Kawo in ɗora a sikeli mu gani." Ka yi dariya, ka ce sabis ɗin ƙauye ba ƙarfi, datar mutum za ta ƙare hoton bai buɗe ba. Da ka rage, na ce ka matso mini da fuskokin. Sai na ga sun dame kamar kunu. Na ce ba da ni ba, ba za a rage mini mutane ba. Ka ce, "Baba, taurin kanka ya fi ƙashin sa."

Amma ka nemo hanya. Kana yanko fuskar mutum ɗaya daga cikakken hoton, ka rage ta ita kaɗai, ta fito tas. Ni kuma in dube ta a babban allo, in faɗi sunansa da garinsu, ka sa a shafin. Haka muke yi duk Juma'a bayan an sauko, kai da rumfarka take jira. Wata Tabawa ta bugo daga wajen Gumel tana kuka. Tana goye ubanta ya rasu a nan, sai ranar ta ga kamanninsa.

Mun gama na zaune. Na tsaye suka rage. Da daminar bara ruwa ya shiga ɗakina, ya jiƙe akwatin, hotunan suka manne da juna. Cikakken hoton yanzu yana cikin kwamfutarka kaɗai, ita kuwa tana cikin jakar da ke bayanka ranar hatsarin. Allon ya farfashe. Rabi ta buɗe mini ragaggen a wayarta, huluna kawai na gani da inuwa. Yanar ido tana rufe mini gani, suna kuma ba ya zo mini sai na ga fuska. Cikin waɗanda suka san mutanen nan, ni kaɗai na rage.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa Ummi da 'ya'yansa, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya marayun nan. Sharfuddeen, kai ne wansa, ina da roƙo. In za ka kai kwamfutar gyara, kada ka bari su goge abin da ke cikinta kamar yadda suka saba. Ka zauna a wurin har su gama. Ka kuma hanzarta, tun ina ɗan gani.

Allah Ya jiƙan Musaddiq, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa. Ya jiƙan na sahun baya su ma. Ko ni ban samu na faɗi sunayensu ba, Shi Ya san su. Amin.